Lotsattsen Mudu

Ranar Laraba muke buɗe ɗakin,
tsohon ma'ajin taki na bayan asibitin Bunza,
wanda har yau in rana ta take
bangonsa kan tuna warin buhunan da.
Mabuɗi yana ɗaure a bakin zanen Inna Tumba.
Ni nawa littafi ne, da biro, da mudu.

Mudun ya lotsa ta gefe ɗaya.
Wasu sun ce jaki ya taka shi a kasuwar Jega,
wasu sun ce daga amalanke ya faɗo.
Ko ma mene ne, lotsawar tana cin tafi guda.
Ran da na fara, Inna Tumba ta riƙe hannuna:
"In kin cika, ki ƙara tafi.
Bashin mudu kika biya,
kada ki je gida kina jin kin yi kyauta."

Gero buhu huɗu. Shinkafa biyu da rabi.
Wake, wanda ƙwari suka riga mu buɗewa.
Gishirin da wani direba ya sauke da asuba,
ya ja motarsa kafin a tambayi sunansa.
Gida saba'in da uku a littafi.
Na raba sau uku, lissafin bai ji tausayina ba.

Ige takan zo da kwanon sha, ta ce ba ta son nauyi.
Jabbo masunci yakan tsaya nesa
kamar mai jiran kwalekwale,
sai na kira shi sau biyu.
Akwai mai godiya har ka ji kunya,
akwai mai ƙirga ƙwaya da ido.
Duka ina ƙara musu tafin.

Bayan la'asar, layi ya watse,
ina kakkaɓe dusa daga mayafina,
sai ga Malam Arzika.
Bara shi ya aiko mana shanshera buhu goma,
yaransa na saukewa yana tsaye yana barkwanci.
Bana gulbi ya kwana tara a fadamarsa,
da ya tashi bai bar ko iri ba.

Ya ce, "Rufin nan na zo dubawa,
an ce min yana yoyo."
Ya ɗaga kai yana kallon kwano.
Ni kuwa na ga bakin buhu a ninke
yana leƙowa ta aljihun rigarsa.
Biro ya yi min nauyi.

Inna Tumba ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Gara da ka zo, Malam, kai ka san shinkafa.
Wannan ina zargin ta sha danshi.
Auni biyar ka kai gida a dafa,
ka dawo ka faɗa mana gaskiya."

Ya tsuguna ya auna da kansa,
yana share bakin mudu da gefen hannu
yadda 'yan kasuwa suke yi.
Bai ƙara tafi ba, ko sau ɗaya.
Da ya juya neman igiya
na zuba biyar ɗin a jere, da sauri.
Ya ɗaga buhun, hannunsa ya gane.
Bai ce komai ba. Ni ma haka.

A littafi na rubuta: gwajin danshi, mudu biyar.

Wata Larabar ya dawo da guduma da ƙusoshi.
Ashe rufin da gaske yana yoyo,
can ta kusurwar da muke jingine gero.
Da ya sauko, ya ce shinkafa lafiyarta lau,
sannan ya ɗauki mudun yana juya shi:
"Bugu biyu zan yi masa ya miƙe."

Inna Tumba ta karɓe abinta,
ta kife shi a kan buhu.
"Bar mana shi haka, Malam.
In ya miƙe, da me za mu fake?"